Babi na Bakwai: Wa Zai Tsaya?

A watan Maris na 2019 aka buɗe ƙofar tsayawa takarar shugabancin Debian, kamar yadda ake yi kowace shekara. Mako guda ya cika, babu wanda ya fito. Debian kuwa ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ian Murdock ne ya kafa ta a 1993, kuma tsarin sarrafa kwamfuta da ƴaƴanta suke haɗawa kyauta shi ne gindin Ubuntu da wasu da dama, a kansa ne kuma ɗimbin manyan na'urorin da ke riƙe da intanet suke aiki. Masu ikon jefa ƙuri'a sun kai kimanin dubu guda, warwatse a nahiyoyi, kuma kowannensu yana da damar ya ce shi zai tsaya. Amma kujerar ta yi kwana bakwai babu mai nema. Tsarin mulkinsu ya riga ya tanadi abin yi in haka ta faru: a ƙara mako guda. Aka ƙara, mutane suka fito, aka fafata tsakanin mutum huɗu, Sam Hartman ya yi nasara.

In har ƙwararrun da suka shekara ashirin suna zaɓe za su iya noƙewa haka, to, ba abin mamaki ba ne samarin Matameye, garinmu a Nijar, su noƙe. Bambancin kawai shi ne su can suna da rubutacciyar hanya ta fita daga shirun. Mu a nan in aka yi shiru, shirun ne yake zaɓar mana shugaba.

Ga yadda abin yake farawa a gari irin namu. Ba a kafa ƙungiyar masu kwamfuta da takarda. Tana tsirowa ne a rumfar mai cajin salula, ko a shagon mai tura finafinai da waƙoƙi, ko a wurin mai buga takardun neman aiki kusa da ofishin magajin gari. Ɗalibi ya dawo hutu daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da kwamfutar hannu. Malamin makaranta yana son ya koyi yadda zai tara makin ɗalibansa a Excel. Wani yaro ya iya buɗe salular da ta kulle, ya koyo a Kano. Ana shan shayi ana nuna wa juna. Bayan ƴan watanni sai ka ga an kai mutum ashirin, an buɗe zaure a WhatsApp, an sa rana guda a mako, an fara karo-karon dala ashirin ko arba'in don sayen data da man janareta. Har nan babu shugaba, kuma babu wanda ya ji rashinsa.

Ranar da ake jin rashinsa ita ce ranar da baƙo ya zo. Wani ma'aikacin proje ya sauka daga Damagaram ko Yamai, ya ce yana neman matasa goma da za a horar, ko yana da kwamfutoci uku da zai bari a garin, ya tambaya: wane ne shugabanku? Sai idanu su koma kan mai kwamfutar, ko mai shagon da ake zama, ko wanda ya fi shekaru. Ya ce a'a, a ce, "Haba yaya, ai kai ne babba." Shi ke nan, an naɗa shi. Ba a faɗi ranar da zai sauka ba, ba a faɗi abin da ke wuyansa ba, ba a faɗi abin da ba shi da ikon yi ba. Sau da yawa mutumin kirki ne. Amma daga ranar, kwamfutoci ukun suna ɗakinsa, lambarsa ce a hannun proje, shi ke zaɓar goman da za su je horo su karɓo perdiyam. Shekara biyu a haka sai ƙananan maganganu su fara, waɗanda ba a zaɓa ba su daina zuwa, karo-karo ya tsaya. Ƙungiyar ba ta mutuwa da faɗa. Mutane ne suke zamewa ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari zauren WhatsApp ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a.

Ra'ayina a wannan babi shi ne: wanda ya miƙe a gaban ƴan'uwansa ya ce, "Ina neman wannan kujera na shekara guda, ga abin da zan yi, ga ranar da zan ba da lissafi," ya fi yi wa ƙungiyarsa adalci a kan wanda ya zauna aka lallashe shi ya karɓa ba tare da sharaɗi ba. Na san wannan magana tana karo da tarbiyyarmu, don haka ba zan tsallake ta da sauri ba.

Abu uku ne suke riƙe ƙafar matashi. Akwai kunya: yaya za a yi in nemi abin da yayana yake kai, alhali shi ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta? Akwai tsoron a ce mutum yana da kwaɗayi ko ya shigo da siyasa, domin a kunnenmu takara ta saba tafiya da jam'iyya, da rabon atamfa, da gaba tsakanin gidaje. Sai kuma na ukun, wanda ya fi nauyi, wato addini. Kusan kowane ɗalibin islamiyya ya ji hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura roƙon shugabanci, ya nuna masa cewa wanda ya nema za a bar shi da abinsa, wanda aka ba shi ba da nema ba kuwa za a taimake shi. An kuma ji yadda ya hana Abu Zarri muƙami, ya gaya masa yana da rauni kuma abin amana ne. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga yadda kujera take canza mutane ya san dalilinsa.

Sai dai malamai ba su tsaya nan ba. Sun kawo Annabi Yusuf, wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: zai tsare, kuma ya san aikin. Sun kawo Usmanu ɗan Abil As, wanda ya roƙi a sa shi limamin mutanensa, aka kuma amince masa, tare da umarnin ya lura da masu rauninsu. Abin da da yawa daga cikinsu suka fitar shi ne, abin ƙi shi ne neman girma don girma. Amma inda aiki zai lalace in wanda ya iya bai fito ba, fitowarsa ba laifi ba ce. To, shugabancin ƙungiyar sa-kai ta masu kwamfuta a Matameye wane girma ke cikinsa? Shi ne zai zo da wuri ya share ɗaki, ya je neman aron benci, ya bi mutane bashin karo-karo, ya sha zagi ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar darasi. Wanda ya nemi wannan da idonsa buɗe ɗawainiya ya nema. Inda haɗarin yake shi ne ranar da kayan proje da perdiyam suka shigo, kuma maganin wannan haɗari ba ƙin tsayawa ba ne, ƙa'ida ce da za ta ɗaure hannun duk wanda ya hau.

Ba sai mun je Turai aron wannan ƙa'ida ba. Ƙasarmu ta ga hanyoyi biyu na shugabancin matasa da na sa-kai. Ta ga samariya, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, da sarkin samari da muƙarrabansa. Samariya ta yi aiki, ta gina azuzuwa, ta share gari, amma igiyarta tana hannun hukuma, shi ya sa da zamani ya juya ta yi sanyi. Sannan ta ga wata hanya da iyayenmu mata suka riƙe. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Matan da akasarinsu ba su yi boko ba suka zaɓi shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da masu ƙirga kuɗi. Akwatin asusu yana da ƙwado uku, mabuɗan suna hannun mata uku daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. In zango ya ƙare a raba, a sake zama. Haka nan kwamitocin kula da makarantu da muke kira COGES: aikin da hukumar Japan ta JICA ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004, ya iso Damagaram, ya game ƙasa a 2007, ya kafu ne a kan zaɓen shugabanni ta ƙuri'ar asiri. Dalili a fili yake. In aka ce a ɗaga hannu a gaban mai gari da liman, kowa hannunsa zai bi idon manya. In aka ba shi takarda da labule, sai ya zaɓi wanda ya san zai riƙe amana. Matashin da ya iya shigar da manhaja a kwamfuta bai kamata ya kasa abin da mahaifiyarsa take yi da akwatin ƙarfe ba.

Abin da za mu ƙara daga Debian shi ne tsarin takarar kanta, domin sun daɗe suna goge shi tun da suka amince da tsarin mulkinsu a 1998. Wa'adin shugaba shekara guda ne. Mako ɗaya na fitowar ƴan takara, mako uku na neman goyon baya, mako biyu na ƙuri'a. Babu wanda ake tsayarwa. Mutum shi ke tsayar da kansa. Kowane ɗan takara sai ya rubuta takardar manufofinsa, a ajiye ta inda kowa zai karanta, sannan ƴan ƙungiya su yi masa tambayoyi a fili ya amsa a rubuce. Ba ɗan takara ba ne ke shirya zaɓen, kuma ba shugaba mai ci ba. Aikin sakataren ƙungiya ne. Mai ƙuri'a ba mutum ɗaya yake dangwala wa ba, jera su yake yi: wannan na fi so, sai wannan, sai wannan. Kuma a kan kowace takardar ƙuri'a akwai wani layi da ke cewa babu ko ɗaya daga cikinsu. In wannan layi ya rinjayi kowa, sai a sake zaɓen daga farko.

Wannan layi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Jonathan Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya sha kaye a 2019, ya dawo ya ci a 2020, ya riƙe kujerar har 2024. A 2023 shi kaɗai ya fito. Duk da haka ba a ce ya wuce babu hamayya ba. Sai da aka kaɗa ƙuri'a tsakaninsa da wancan layi. A wurinmu, in mutum ɗaya ya fito, tafi ake yi a tashi. Amma tafi ba ya gaya wa shugaba mutum nawa ne suka yarda da shi da gaske, kuma ba ya ba mai ƙorafi hanyar faɗin ƙorafinsa ba tare da ya ɓata da maƙwabcinsa ba. A gari kamar Matameye, inda ɗan takara zai iya zama surukinka ko ɗan mai gidan da kake haya, wannan ƙaramin layi rahama ne. Ba ya buƙatar na'ura. Guntayen takarda, da kwali, da malamai biyu da ba ƴan takara ba su ƙirga a gaban jama'a, sun wadatar.

Akwai wani abu kuma a tsarin mulkin Debian da duk mai sha'awar tsayawa ya kamata ya haɗiye tun da wuri: tun a farkonsa an bayyana cewa ba a tilasta wa kowa yin wani aiki. Shugaba yana wakilta mutane, yana magana da sunan ƙungiya, yana yanke shawara kan kashe kuɗi bayan tuntuɓa, amma ba shi da bulala. Kuɗin ma ba a aljihunsa suke ba; wasu amintattun ƙungiyoyi ne masu rajista suke ajiye su. Duk wanda ya shiga takarar ƙungiyar sa-kai yana tunanin zai ba da oda a bi, zai sha mamaki a watan farko. Mutanen nan ba albashi kake ba su ba. Wanda ka ɗaga wa murya yau, gobe yana gonar rake a fadama ko ya hau mota zuwa Daura, kuma babu abin da za ka yi.

To, me ɗan takara a Matameye zai rubuta a takardarsa? Shafi guda ya isa, kuma a ganina abin da zai fara da shi ba alkawari ba ne, mabuɗai ne. Ƙungiyar masu kwamfuta tana da mabuɗai fiye da na ƙofa. Akwai kalmar sirrin shafin Facebook, da ta adireshin imel ɗin da proje suke rubutowa, da ikon admin a zauren WhatsApp, da layin salular da kuɗi suke shiga, da kwamfutar da ke ɗauke da sunayen waɗanda aka horar. Yankinmu yankin cin rani ne. Da an gama girbi samari suna watsewa zuwa Najeriya, da Agadas, da Aljeriya, da Libiya. Shugaban da ya riƙe waɗannan duka shi kaɗai, ranar da ya tafi nema, ƙungiyar ta tafi a aljihunsa, ko da bai yi niyyar cuta ba. Ɗan takarar da zan ba ƙuri'ata shi ne wanda ya rubuta cewa admin uku ne, ma'aji daban da shugaba, kowace kalmar sirri mutum biyu suka san ta, kuma ranar miƙa mulki za a canza su duka a gaban sabon biro. Wannan shi ne akwatin mai ƙwado uku a zamanin intanet.

Bayan mabuɗai sai kuɗi: littafi guda, abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a taron kowane wata ko da jika biyu ce kacal a ciki. Wanda bai saba karanta lissafin jika biyu ba, ba zai fara ranar da jika ɗari biyar ta shigo ba. Sai ƙa'idar zuwa horo: wa zai je, ta wace hanya za a zaɓa, kuma me zai koyar in ya dawo. In har aka rubuta cewa ana bi da bi ne, kuma wanda ya je sai ya yi wa saura darasi, an kashe rabin rigimar da ke rusa irin waɗannan ƙungiyoyi.

Sannan sai aikin kansa, kuma a nan nake son ɗan takara ya yi maganar garinsa, ba maganar da ya kwafo daga jawabin wani taro a Yamai ba. Ya yi maganar wuta. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, abin ya ja har farkon 2024. Ƙungiyar da duk darasinta ya dogara da wutar NIGELEC ta ga iyakarta a lokacin. Mai neman shugabanci ya faɗi yadda za a tara kuɗin faifan hasken rana da batir, ko da wace makaranta za a yi yarjejeniya. Ya yi maganar ƴan mata: in ana taro bayan isha'i a rumfar shayi, an riga an kore su ba tare da an furta ba, kuma gyaran abin shi ne a mayar da darasi safiyar Asabar ko Lahadi a cikin aji, a sanar da iyaye, a ware kujera a biro da mace za ta tsaya mata. Ya yi maganar ƙauyuka, domin gundumar Kance ba Matameye kaɗai ba ce. Akwai Kance kanta, da Ɗan Barto, da Dungu, da Kurni, da Yawuri, kuma malaman da ke koyarwa can su ma suna da maki da za su tara. Ya kuma yi maganar harshe. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mutum nawa ne a garin suka san yadda za su fitar da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a kwamfuta ko a salula? Wikipedia ta Hausa a buɗe take, masu sa-kai ne suke rubuta ta, kuma abin da za a rubuta a kan garuruwanmu, da kasuwanninmu, da tarihin gyaɗa da rake a wannan yanki, ba wanda zai rubuta shi daidai sai mu. Taswirar OpenStreetMap ita ma hannun kowa tana karɓa. Unguwa, da rijiya, da asibiti, duk ana iya sa su. Ɗan takara ya ɗauki biyu daga cikin waɗannan, ba duka ba. Wanda ya yi alkawarin goma bai auna ƙarfinsa ba.

Akwai tambaya guda da ya kamata a yi wa kowane ɗan takara, kuma labarin wata ƙungiya a Amurka ne ya sa nake ganin nauyinta. A 1977 wani yaro ɗan shekara 13, Jonathan Rotenberg, ya kafa ƙungiyar masu kwamfuta ta birnin Boston. Ta girma har ƴaƴanta suka haura dubu 30, ta yi ƙarfin da a watan Janairun 1984 Steve Jobs da kansa ya kawo sabuwar Macintosh gaban taronta. A 1996 ta rufe. Cikin manyan dalilan akwai cewa taimakon da mutane suke zuwa nema wurinta ya fara samuwa a intanet da shaguna, ƴaƴanta suka riƙa raguwa. Tambayar ita ce: me zai sa mutum ya baro gidansa ya zo wurinmu, alhali YouTube yana aljihunsa? A Matameye amsar tana nan, amma sai an faɗe ta. Data tana da tsada. Yawancin darussan da ke intanet da Faransanci ko Ingilishi suke. Mutane da yawa ba su taɓa ɗora yatsa a kan allon rubutun kwamfuta ba, kuma bidiyo ba ya kama hannun mutum ya gyara masa. Ɗan takarar da ya gane cewa jarin ƙungiyar shi ne kwamfuta guda da mutum goma za su taɓa, da malami mai bayani da Hausa, ya san abin da yake neman shugabanta.

Game da neman goyon baya, kaɗan zan ce. Ka fara zuwa wurin wanda yake kan kujerar, kai da kanka, kafin ya ji a bakin wani. Ka gaishe shi, ka ce, "Yaya, ina da niyyar tsayawa a zaɓen bana, na ga bai dace ka ji a waje ba." Wannan ziyara ba neman izini ba ce, girmamawa ce, kuma tana kashe wutar da masu kai-komo za su so hurawa. Kada ka saya wa kowa kati ko shayi da sunan ƙuri'a. Kada ka jawo ɗan siyasa ko mai sarauta ya sa baki, domin wanda ya ɗora ka zai dawo karɓar ladansa ranar da kayan proje suka iso. Ka soki tsari, kada ka soki mutum: "ba a karanta lissafi ba wata shida" magana ce da za a iya bincikawa, "ya ci kuɗi" kuwa zargi ne da zai bi ku har zaure da masallaci.

Ga wanda ya kafa ƙungiya kuma, wanda kwamfutarsa ce aka fara da ita, ina da magana ta musamman, don na san abin yana da zafi. Ka ga yaron da ka koya wa kunna na'ura ya miƙe yana neman kujerarka. Zuciya za ta ce butulci ne. Ba butulci ba ne. Shaida ce cewa koyarwarka ta kama. Kai ne ya kamata ka kira zaɓen farko, ka ware kayanka na kanka daga kayan ƙungiya a rubuce, ka tsaya in kana so, a kaɗa maka ƙuri'a kamar kowa. In ka ci, ka ci da yardar mutane, bakin masu gunaguni ya mutu. In ka faɗi, darasin Asabar yana nan yana jiranka, kuma babu ƙuri'ar da za ta ƙwace maka sunan malam.

Faɗuwa ita ce jarrabawar da ta fi nuna ɗan takara. Sruthi Chandran, ƴar Indiya, ta nemi shugabancin Debian a 2020 ba ta samu ba, ta sake fitowa a 2021 ba ta samu ba, ta ci gaba da aikinta a cikin ƙungiyar, ta kuma sake fitowa daga baya. A wurinmu abin da aka fi gani shi ne wanda ya faɗi ya fice daga zaure a daren, ya buɗe nasa, ya ja mutum bakwai. Garin da ke da kwamfutoci ƙalilan ba zai iya ɗaukar ƙungiyoyi biyu masu gaba ba. Shi ya sa nake ba da shawarar a tambayi kowane ɗan takara a gaban jama'a, kafin a jefa ƙuri'a: in ba ka ci ba, wane aiki za ka riƙe? Amsarsa a rubuta ta cikin littafin taro.

Wata rana ƙungiyar za ta so buɗe asusu ko sa hannu a yarjejeniya, a nan kuma doka za ta shigo. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar, mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, ta ce sai an bayyana ƙungiya ga hukuma an kuma ba ta izini, tare da dokokinta da sunayen masu tafiyar da ita. Abin da yakan faru shi ne a ari dokokin wata ƙungiya da Faransanci, a canza suna, a cike gurabe da sunayen abokai a dare ɗaya, a kai. Takardar tana cewa ana zaɓe duk shekara biyu, amma babu wanda ya taɓa karanta ta. Ku rubuta naku da Hausa tukuna, a karanta a babban taro, a yi gardama a kan kowane layi, sannan a mayar da shi Faransanci don hukuma. Sunayen da za su shiga takardar su zama waɗanda suka fito daga cikin kwali.

Kai da kake karanta wannan, in kana cikin irin wannan ƙungiya, ka tambayi sakatarenku ranar da wa'adin shugabanninku zai cika. In ya ce babu ranar, ka nemi a sa maganar a taron wata mai zuwa. In kuma akwai ranar, kuma ka san akwai aiki biyu da za ka iya ɗauka na shekara guda, ka rubuta su a shafi ɗaya, ka sa sunanka a ƙasa, ka je ka gaida shugaba mai ci, sannan ka miƙa takardarka.